Yadda Ake Auna Sabis Da Ingancin Kira A Wayar Ofis A Kongolam

Kongolam, a ƙaramar hukumar Mai'adua cikin masarautar Daura, nan ne hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure da Daura take gamuwa da iyakar Nijar. Da ka wuce shinge ka shiga Ɗan Barto, daga nan sai Matamaye, sai Damagaram. Duk mai tebur a bakin wannan iyaka, ko jami'in kwastan ne, ko na shige da fice, ko mai fiton kaya, ko ɗan canjin sefa, ko mai POS, da waya yake aiki. Wasu wayar tebur ce mai sim da ɗan eriya a bayanta, wasu rauta suka ajiye ko MiFi suna kira ta intanet, wasu kuma wayar hannu ce kawai aka ware wa ofis. Ƙorafinsu iri ɗaya ne: "sabis ya ɗauke", "muryarka na yankewa", "ina jin ka, kai ba ka ji na". Waɗannan kalmomi suna rufe cututtuka daban-daban, kowace da maganinta, kuma wayar da ke gabanka tana ɗauke da lambobin da za su bambance maka su idan ka san inda za ka duba.

Ka manta da sandunan nan huɗu ko biyar na saman fuskar waya. Babu wata ƙa'ida da ta ɗaure masu ƙera waya kan yadda za su zana su, shi ya sa za ka ajiye Tecno da Samsung kan tebur ɗaya, da layin kamfani ɗaya, wannan ta nuna sanda huɗu waccan ta nuna biyu.

Sabis ɗin wa kake kai?

A Kano ko Katsina wannan tambaya ba ta taso ba. A Kongolam ita ce ta farko. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba tudun kirki, kuma ƙarfen sabis na 2G yana iya riƙe waya daga nisan da ya kai kilomita 35 idan babu abin da ya tare. Saboda haka sabis ɗin Nijar yana shigowa har cikin ɗakinka, kamar yadda namu yake shiga nasu. Idan ƙarfen da ke kusa da kai ya raunana ko ya mutu na ɗan lokaci, wayar da aka bari ta zaɓi kamfani da kanta sai ta kama na ƙetare. In layinka yana da izinin aiki a ƙasashen waje, ka shiga romin ke nan kana zaune a kujerarka a Najeriya, kuɗin kira da na data su koma na wanda ya yi tafiya. In kuma ba shi da izinin, sai wayar ta yi ta lalube tsakanin gida da waje, masu kiranka suna jin an ce a kashe take. Agogo ma ba zai tona asiri ba, domin lokacin ƙasashen biyu ɗaya ne.

Wani lokaci sunan kamfani a saman fuskar waya yana nuna maka, ko ka ga ƙaramin harafin R kusa da sanduna. Amma suna yana ruɗarwa, tunda Airtel tana aiki a ɓangarorin biyu. Abin da ba ya ruɗarwa shi ne lambar ƙasa da ta kamfani, waɗanda waya ke rubutawa da MCC da MNC. Ta Najeriya 621 ce, ta Nijar 614. A wajenmu Airtel ita ce 621-20, MTN 621-30, Glo 621-50, 621-60 kuma ta kamfanin da a da ake kira 9mobile. A can kuwa 614-01 ta Niger Telecoms ce, 614-02 Airtel ta Nijar, 614-03 Moov, 614-04 kuma Zamani Telecom, wadda a da ake kira Orange. Ba sai ka haddace su duka ba. Ka riƙe cewa duk abin da ya fara da 614 ba na gida ba ne.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Ka shiga saitin waya, ɓangaren layin sim, inda ake zaɓar kamfani, ka kashe zaɓin da waya ke yi da kanta. Za ta ɗan yi bincike na minti ɗaya ko biyu ta jero maka duk kamfanonin da take ji, na nan da na can, sai ka taɓa naka. Ka kashe datar romin ma. Wayoyin tebur masu sim galibi suna da wannan zaɓi a cikin jerin saitinsu, rauta kuma a shafinta na sarrafawa. Abin da za ka biya a madadin haka shi ne, ranar da ƙarfenku ya mutu, wayar za ta ce maka babu sabis ƙiri-ƙiri. A ganina wannan ya fi, domin gara ka san babu ka ɗauko wani layin da katin ofis ya zube ba ka sani ba. Wanda aikinsa ke kai shi Ɗan Barto kullum, layin Nijar daban zai saya, kamar yadda mafi yawan 'yan iyaka suka daɗe suna yi, ya kulle kowane layi a kan kamfaninsa.

Inda lambobin suke

A wayar Android, hanya mafi sauƙi ita ce cikin saiti, wurin bayanin waya, sannan matsayin sim. A nan za ka ga ƙarfin sabis da lamba mai dBm a bayanta, da nau'in sabis ɗin da kake kai, da ko kana romin. Wayoyi da yawa suna buɗe shafi mai cikakken bayani idan ka danna *#*#4636#*#* a wurin buga lamba. Samsung tata ita ce *#0011#, iPhone kuma *3001#12345#* sannan ka danna kira. Wasu wayoyin an toshe musu waɗannan lambobi, to sai ka sauke manhaja irin su NetMonster ko Network Cell Info Lite, su ma abin da za su nuna ke nan, har da lambar ƙasa da ta eriyar da kake kai. Ka duba kawai, kada ka canza abin da ba ka gane ba a waɗannan shafuka. Rauta da MiFi ana shiga shafinsu ne ta burauza, yawanci a 192.168.8.1 ga na Huawei ko 192.168.0.1 ga na ZTE, adireshin da kalmar sirrin suna manne a ƙasan na'urar ko a bayan batir. Wayar tebur mai arha sau da yawa ba ta nuna komai sai sanduna. Dabara a nan ita ce ka zare sim ɗinta ka sa a wayar hannu, ka auna a daidai inda take zama.

Lambar ƙarfi kullum tana da alamar ragi a gabanta, kuma nan ne mutane ke juya lissafi. Wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai ƙarfi: -75 ta fi -95 nesa ba kusa ba. Tazarar kuma ba irin ta ƙirgen kuɗi ba ce. Duk saukar 3 rabin ƙarfi ne ya tafi, duk saukar 10 kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. Ke nan tebur da ke kan -110 yana samun kashi ɗaya cikin ɗari na abin da taga mai -90 ke samu, alhali taku biyar ne tsakaninsu.

A 4G sunan wannan lamba RSRP. Daga -80 zuwa sama ka more, tsakanin -80 da -90 lafiya lau, zuwa -100 ana aiki, in ta gangara ƙasa da -110 kana bakin gaɓa. A 2G ma'aunin ya ɗan bambanta: -70 zuwa -85 mai kyau ne, ƙasa da -100 kira ya fara wahala.

Ƙarfi daban, tsabta daban

Wannan shi ne abin da sanduna suka fi ɓoyewa. Ka tuna yadda ake ciniki a kasuwar dabbobi ta Mai'adua ranar Lahadi: dillali yana gabanka yana ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, amma ba ka kama rabin abin da yake faɗa ba saboda kowa ma ihun yake yi. Muryar dillalin ita ce RSRP, yadda ta fita daga cikin hayaniyar kuwa ita ce SINR. Idan SINR ta kai 20 ko fiye, tsaf take. Daga 13 zuwa 20 mai kyau ce, ƙasa da haka ana lallaɓawa, in ta kusa sifili ko ta faɗa ƙasa da shi, hayaniya ta rinjayi saƙo. Akwai 'yar uwarta RSRQ, wadda -10 a cikinta alheri ne, -15 zuwa -20 kuwa alamar cunkoso ce ko katsalandan. A 2G, wayar da ke nunawa za ta ba ka RxQual lokacin da kake cikin kira, daga 0 zuwa 7, sifili shi ne mafi tsabta, daga 5 zuwa sama kunnenka ma zai shaida.

A bakin iyaka tsabta ta fi saurin lalacewa, domin kamfanonin ƙasashen biyu suna aiki ne a zangunan mita iri ɗaya, irin su 900 da 1800, kuma hukumomi biyu ne ke raba su, NCC a nan, ARCEP a can. Sai ka ga ƙarfi -85, sanduna cike, SINR kuma 2. Wanda bai duba ba sai ya ce waya ce ta lalace, ya kai ta wurin mai gyara a Daura a karɓe masa kuɗi a banza.

Wani abu kuma da ya kamata ka lura: ka auna ne kana cikin kira. Idan wayarka ko layinka ba su da VoLTE, wato kiran murya a kan 4G, da zarar ka buga lamba wayar za ta sauka zuwa 3G ko 2G, ta koma 4G bayan ka ajiye. Ka kira wani, ka sa a lasifika, ka buɗe shafin lambobin ka gani da idonka. Kyawun 4G ɗin da ka auna kafin kiran bai shafi muryarka ba sam. Wayoyin tebur masu sim da yawa ma 2G kawai suka sani.

Masu son bin diddigi akwai wata lamba mai suna TA a wasu wayoyi, wadda ke nuna nisanka da ƙarfen da ya riƙe ka. A 2G kowane mataki ɗaya kimanin mita 550 ne, a 4G kimanin mita 78. In ka ga TA 20 a 2G, ƙarfen da kake magana da shi yana wajen kilomita 11 daga inda kake, ba wanda kake hange ta taga ba ne.

Idan kiran ta intanet yake bi

Ofishin da ke amfani da wayar Wi-Fi irin ta Cisco ko Yealink ko Grandstream, ko ma kiran WhatsApp ta rauta, yana da gaɓa biyu: daga waya zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa ƙarfen sabis. Kowace ana aunata daban. Ga ta farko, masu girka irin waɗannan wayoyi suna neman ƙarfin Wi-Fi kada ya gaza -67 a duk inda za a tsaya a yi magana. Bango biyu na bulo da ƙofar ƙarfe sun isa su cinye wannan.

Irin waɗannan wayoyi suna da shafin ƙididdigar kira a ɓangaren matsayin waya, kuma an fi amfana da shi ana tsakiyar magana. Muryarka ana yanka ta ne ƙanana-ƙanana, yawanci kowane ƙunshi yana ɗauke da milisakan 20, wato ƙunshi 50 a daƙiƙa, 3000 a minti. Shafin zai nuna nawa aka aika, nawa aka karɓa, nawa suka ɓace. Ɓatan da ya wuce 1 cikin 100, wato ƙunshi 30 a minti, shi ne kalmomin da ke guntulewa. Sai jita, wato rashin daidaiton isowar ƙunshin, wani ya zo da wuri wani ya makara. Ana son ta zauna ƙasa da milisakan 30, in ta haura sai murya ta riƙa rawa kamar ta na'ura. Sai jinkiri, wanda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada ya wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya. Da ya wuce haka sosai za ka ji kuna ta cin karo, kai ka ce "Salamu alaikum, Alhaji", shi ma a daidai lokacin yana cewa "kana ji na?", ku yi shiru tare, ku sake farawa tare. Wasu wayoyin suna tattara duk wannan su ba da maki ɗaya mai suna MOS, daga 1 zuwa 5. Daga 4 zuwa sama kira ne mai daɗi, ƙasa da 3.5 mutane sun fara ƙorafi.

Shafin nan yana warware rigimar "ina jin ka, ba ka ji na" cikin daƙiƙa goma. Ka zuba wa lambobin biyu ido. In na aikawa suna hawa, na karɓa sun tsaya cak, muryar wancan ba ta iso wayarka ba ma, matsalar tana hanya ko a saitin rauta. In duka biyun suna hawa amma ba ka ji, to lasifika ne ko makirfo.

In wayarka ba ta da wannan shafi, kwamfutar ofis za ta yi aikin. Ka buɗe wurin rubuta umarni na Windows ka rubuta ping, sai adireshin rautarka, sai -n 100. Ya kamata amsoshin su dawo cikin 'yan milisakan kaɗan ba tare da ko ɗaya ta ɓace ba. Sannan ka maimaita da 8.8.8.8. In gwajin farko ya yi kyau na biyu ya lalace, laifin na tsakanin rauta da ƙarfen sabis ne. In na farkon ma ya lalace, cikin ɗakinka matsalar take. Ka tuna lokacin da ping ke nunawa na zuwa da dawowa ne, sai ka raba biyu.

Kada gwajin gudun intanet ya ruɗe ka. Kira ɗaya ko kilobit 100 a daƙiƙa bai cika ci ba, abin da yake so shi ne hanya mai natsuwa. Rautar da ke ba da megabit 15 tana iya kashe kira idan yaron ofis yana ɗora bidiyo a lokacin. Kafin ka zargi kamfani, ka duba jerin na'urorin da ke kan rautar. Za ka iya tarar da wayoyin da ba ka san masu su ba, domin kalmar sirrin Wi-Fi ba ta daɗewa a sirrance a bakin tasha.

Littafin awo

Awo ɗaya ba ya gaya maka komai. Ka samu ƙaramin littafi ka ja layuka: rana, lokaci, layin da ka gwada, lambar ƙasa da kamfani, lambar eriya, ƙarfi, tsabta, da abin da ya faru da kiran. Ka cika shi da hantsi, da bayan azahar, da bayan isha'i in akwai mai kwana a wurin, har mako ya zagayo da ranar kasuwa a ciki. Ruwa ba ya tsami banza, kuma littafin zai nuna maka inda tsamin ya fito.

Idan ƙarfi bai motsa ba duk yini amma kira yana ƙin shiga da yamma ko ranar Lahadi, tsabta kuma tana faɗuwa a waɗannan lokuta, cunkoso ne, jama'a sun fi ƙarfin eriyar. Ba abin da za ka gyara a ɗakinka, sai dai ka ajiye layin wani kamfani don irin waɗannan sa'o'i. Idan ƙarfi ya faɗo farat ɗaya, a ce daga -85 zuwa -108, lambar eriya kuma ta canza, ƙarfen kusa ne ya mutu, galibi saboda wuta ko man janareto, wayarka ta kama na nesa. Idan lambar eriya tana ta sauyawa kana zaune wuri ɗaya, kana tsakanin eriya biyu ne masu ƙarfi kusan ɗaya, kuma a wajen miƙa kira daga wannan zuwa waccan ake yawan yankewa; matsar da wayar zuwa ɓangaren ginin da ɗayar ta rinjaya yakan kawo sauƙi. Idan a waje lafiya a ciki babu, ginin ne. Rufin kwano da shagon kwantena sun fi komai cin sabis, ginin ƙasa mai kauri ma yana taɓawa. Idan kuwa mutum ɗaya ne kullum kiransa ke yankewa, a bar wayarka ta huta, matsalar tana wajensa.

Neman wurin ajiye waya ko rauta aikin rabin sa'a ne. Ka zagaya ɗakin da shafin lambobi a buɗe, ka tsaya a kowane wuri kamar rabin minti don lambar ta zauna, ka gwada sama kusa da taga da kuma kan tebur. A Kongolam ka fara da tagar da ke kallon cikin Najeriya, domin bangon da ke bayanka zai rage maka abin da ke shigowa daga arewa. Ka zaɓi inda tsabta ta fi, ko da ƙarfin ya ɗan gaza na wani wurin. Sai dai kada ka bar MiFi a rana kan dakalin taga a watan Afrilu. Zafi yana rage mata aiki, yana kuma kumbura batir. In rautar ko wayar tebur tana da wurin ɗaura eriyar waje, a kafa ta saman rufi a juya ta a hankali ana kallon SINR, kuma wayar da za ta sauko da ita kada ta yi tsawo fiye da buƙata, domin kowace mita tana cin nata rabon. Na'urar nan ta ƙara ƙarfin sabis da ake tallatawa a kasuwa, wadda ake kira busta, ka bar ta: NCC ta hana amfani da ita ba tare da izini ba, kuma marar kyau tana lalata wa maƙwabta sabis.

Ranar da za ka kai ƙara, littafin ne zai yi maka magana. Ka fara da kamfaninka ta lambar 300, wadda yanzu ita ce ta sashen kula da masu hulɗa a duk layukan Najeriya. Maimakon "sabis ba kyau", ka ce musu a Kongolam kake, eriya mai lamba kaza tana ɗaukewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ƙarfi yana sauka daga kaza zuwa kaza, ko kuma an caje ka kuɗin romin ranar kaza alhali ba ka tsallaka ba. Ka karɓi lambar ƙorafin ka rubuta a shafin ranar. In an ɗau lokaci ba a yi komai ba, ka kira NCC a 622, kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan za su fara tambayarka. In ofisoshi uku ko huɗu na layinku suka kawo awo iri ɗaya na mako guda, ku haɗa a takarda ɗaya ku aika tare.